Ni Na Kawo Kifin

Shekarar da dusar ƙanƙara ta zubo sau biyu cikin mako guda ta rufe Washington, wato farkon 2010, ita ce shekarar da na fara koyon karatun boko. Ina da shekara arba'in da bakwai. Kwana biyar motarmu ba ta fita ba. Na zauna a gidanmu na haya, hawa na tara a Alexandria, ina kallon mutane suna haƙo motocinsu da shebur, matata kuma tana buɗe wasiƙun da suka taru a kan firji tana karanta mini. A rana ta huɗu ta ajiye wata wasiƙa ta ce, “Maigida, in na riga ka tafiya, wa zai riƙa karanta maka waɗannan?” Da hanya ta buɗe, na je laburaren unguwarmu na ce a sa ni a ajin manya.

Aikina tuƙin motar wani kamfanin kifi ne. Bayan sallar asuba nakan yi lodi, in zagaya gidajen abinci ina sauke kwalaye ta ƙofar baya. Jarrabawar tuƙi da baki na yi ta, hanyoyi kuma haddace su na yi. Na yi karatun allo a Maraɗi, saboda haka kowane kwali sai in yi masa alama da ajami, in san na wane gida ne. Abokan aikina suna ɗauka wata dabara ce ta mutanen Afirka. Ban da matata, ba wanda ya san ba na iya karanta ko sunana a takarda.

Cikin gidajen da nake kai wa kifi, uku ne na saba da su sosai. Akwai na Sipaniyawa a arewa maso yammacin birni, kusa da ofisoshin jakadanci. Akwai na Sinawa a Alexandria, mai manyan akwatunan gilashi da kifi ke iyo a ciki. Akwai kuma na Italiyawa, ɗan ƙarami, mai tebur goma sha biyu. Kukunsu duk sun san ni. Sukan ce in zo wata rana ta ƙofar gaba, in zauna kamar kowa.

Wanda ya sa na amsa wannan gayyata shi ne Baba. Abokin mahaifina ne, ɗan kasuwa mai sayar da kayan fata da azurfa. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka, a ɗakinsa na kwana wata takwas kafin in tsaya da ƙafafuna. Da ya tsufa sai ya koma Woodbridge wurin babban ɗansa. Baba ba ya cin naman da bai ga yankansa ba. Duk bayan wata biyu yakan sa a kai shi wata gona, ya yanka rago da hannunsa. Shekara ashirin yana Amurka bai taɓa zama a gidan abinci ba. Sai likita ya ce masa ya rage jan nama, ya koma kifi.

Na ce, “Baba, ai kifi ba ya son yanka. Kuma ni nake kai musu shi da hannuna. Ka zo mu je.”

Ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi saboda aikin kifi, ya ce, “To, Sarkin Ruwa, mu je mu gani.”

Haka muka fara, tun wajen 2003. Lahadi ta farko a kowane wata, in ɗauko shi bayan azahar, mu biyo babbar hanya ta tasa'in da biyar, wadda ko ranar Lahadi ba ta rabuwa da cunkoso. Wani lokaci matata takan biyo mu. Wannan wata Sipaniyawa, na gaba Sinawa, na gaba Italiyawa, sai mu sake zagayowa.

A ranar farko mai kawo abinci ya miƙo mana takardun nan masu bango, waɗanda ake rubuta sunayen abinci a ciki. Ni kuwa ba zan iya karanta su ba. Sai na ɗaga hannu na ce ya mayar da su, ya faɗa wa kuku mai kawo kifi ne ya zo, ya dafa mana abin da ya fi iyawa. Baba ya ji daɗin wannan ƙwarai. A wurinmu ba a ajiye baƙo a ce masa zaɓi abin da za ka ci, mai gida ne ya san abin da zai fitar. Ya ce, “Haka ake yi. Ba wai a ba mutum littafi kamar ya zo jarrabawa ba.” Daga ranar ba a ƙara kawo mana takarda ba a gidajen uku. Da sun gan mu sun san abin da za su ɗora.

A gidan Sinawa Baba da kansa yake zuwa gaban gilashi ya nuna kifin da yake so da sandarsa. A turara shi da citta da ganyen albasa, a kawo shi da kansa da wutsiyarsa, tare da soyayyiyar shinkafa. Ƙaguwa kam ya ƙi ta shekara biyu. Ya ce shi ba zai ci gizo-gizo ba don kawai ya koyi iyo. Ranar da ya ɗanɗana, sai ya jawo farantin gabansa. A gidan Italiyawa taliya ce, da wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke buɗe baki in sun ji wuta, cikin romo mai tafarnuwa. Baba yakan tsoma burodi ya share farantin tas.

Amma abin da ya fi so shi ne shinkafar Sipaniyawa. A faffaɗan kasko ake kawo ta, rawaya, tana tururi, an jera jatan lande da masu ɓawo a kai, ƙasan kuma ya ɗan kama ya yi ƙanzo. Dafa-duka yake kiranta. A cikinta akwai wasu 'yan gutsattsari ja-ja, masu maiƙo da yaji. A zuwanmu na farko Baba ya ɗauko ɗaya da cokali ya ce, “Wannan fa?”

Ni kuwa a kwalayen da nake ɗauka ba irin abin da ban gani ba: mai hannu takwas, mai tawada, mai ƙaya, mai kama da tsutsa. Ban san wannan ba, amma na ce a raina gidan kifi ai gidan kifi ne. Na ce, “Na teku ne, Baba. Ci.”

Ya ci. Shekara takwas yana ci, har tsince su yake yi ya tara a gefe, ya cinye daga ƙarshe.

Malamarmu a ajin manya tsohuwa ce Ba'amurkiya, ta yi ritaya daga aikin gidan waya. Mu bakwai ne, ranar Talata da Alhamis da la'asar. Ba ta gajiya. Sai da na yi wata uku kafin hannuna ya daina komawa dama in zan fara rubutu. Bayan shekara guda na iya haɗa gajerun kalmomi. Wata rana ta ce kowa ya zo da wata takarda daga rayuwarsa, wadda yake so ya iya karantawa. Wani ya kawo takardar magani, wata ta kawo wasiƙar makarantar jikanta. Ni na roƙi kukun nan uku, kowa ya ba ni takardar abincin gidansa. Burina shi ne wata Lahadi in buɗe ta gaban Baba in karanta kamar dama can na iya.

Muka fara da ta Sipaniyawa. Sunan abinci da yarensu yake, amma ƙarƙashin kowane suna akwai bayani da ƙananan haruffa na Turanci. Layi ɗaya yakan ɗauke ni rabin awa. Na nemo shinkafarmu ta wurin hotonta, na ɗora yatsa. Shinkafa, na karanta. Jatan lande, malama ta taimake ni. Tattasai. Sai wata kalma gajera, haruffa huɗu. Na haɗa ta da kaina, ba wanda ya taimake ni. Na faɗe ta da ƙarfi, malama ta tafa mini. Sai bayan ta fita daga bakina kunnena ya ji abin da na faɗa. Kalmar na san ta da ka tun shekarar da na zo, ita ce ta farko da ake koya wa kowane Musulmi a ƙasar nan. Alade.

Malama ta ga fuskata ta canza. Na tambaye ta ko akwai wani kifi da ake kira haka. Ta girgiza kai a hankali.

Washegari da na sauke kwalaye a gidan Sipaniyawa, na tsaya na tambayi kuku. Ya ja ni cikin ɗakin sanyi ya nuna mini abin a rataye, niƙaƙƙen nama ne da aka cusa cikin hanji, ja saboda barkono. Da na gaya masa dalilin tambayata sai ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce ya ɗauka na sani, ya ce yana da abokai Musulmi masu ci, ya ce me ya sa ban taɓa tambaya ba. Na wuce gidan Italiyawa. Can ma kuku ya nuna mini kwalbar farar giya da yake tsiyayawa cikin romon. A gidan Sinawa kifin da ƙaguwa lafiya lau in aka ce kada a sa giyar girki, amma 'yan jajayen abubuwan da ke cikin soyayyiyar shinkafa, su ma alade ne.

Kwana uku ban faɗa wa kowa ba. A na huɗu na faɗa wa matata tana tsakiyar tuƙa tuwo. Ta saki muciya.

“Inna lillahi! Har da ni?”

“Har da ke.”

“Sau nawa na ce ka bari a kawo takardar nan in duba? Ka ce wai ana saninka.”

Gaskiyarta ce. Ta je ta wanke baki, ko da yake rabonta da gidan ya fi wata biyar. Da ta dawo ta zauna ta ce, “To, ka ji. Kada ka faɗa wa Baba. Tsoho ne, ga hawan jini. Wanda bai sani ba Allah ba ya kama shi. Ka ce gidan ya rufe, ka nemo wani. Shi ke nan.”

Shawarar ta yi mini daɗi, har na kwana biyu a kanta. Amma na san in na faɗa masa gidan ya rufe, zai ce mu je ya gani, don Baba haka yake. In ƙara wata ƙaryar. Ga kuma wani abu: ba yadda zan gaya masa gaskiya ban gaya masa yadda aka yi na gano ba. Shi kuwa ya ɗauka ni mai karatu ne. Sau da yawa yakan miƙo mini wasiƙa, in ce na manta tabarau, in tafi da ita gida matata ta karanta, in dawo masa da bayani. Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗa, shekara da shekaru ina yi masa haka.

Ranar Lahadi na tafi Woodbridge. Na same shi a shirye, da hula da sanda, yana zaune a falo. Watan Sipaniyawa ne. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki, na tambayi mutanen gida. Ya ce, “Tashi mana, dafa-duka na jira.”

Na ce, “Baba, akwai magana.”

Na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Ajin manya, tabarau, takarda, ɗakin sanyi, kwalbar giya. Ina magana ina kallon kafet. Da na gama sai ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa.

“Sau nawa muka je gidan nan?”

“Ban ƙirga ba, Baba.”

“Ni ma ban ƙirga ba. Abin da ya shiga cikina, wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma Ya san ban sani ba. Amma ranar farko na ɗauko abin nan na tambaye ka. Ka tuna?”

“Na tuna.”

“Da ka ce mini, Baba, ban sani ba, da na ture shi gefe. Kalma uku ce. Me ya yi zafi?”

Na ce kunya ce.

“Kunya. Ni na iya bokon ne? Ka taɓa ganin na ɓoye?” Ya miƙe da ƙyar, ya dogara sanda. “Je ka gida. Ka gaida iyali.”

Na fito na zauna cikin mota na daɗe ban tayar ba.

Wata huɗu bai neme ni ba. Nakan kira in gaishe shi, ya amsa gaisuwa daidai yadda ya kamata, ya ce madalla, ya ajiye. A masallaci ranar Juma'a ya ba ni hannu kamar yadda yake ba kowa. Matata ta ce, “Ka gani ko? Na gaya maka.” Ban yi musu ba. Na ci gaba da zuwa aji. Na gama takardar Sipaniyawa, na shiga ta Sinawa, wadda ta fi tsawo nesa ba kusa ba. Malama ta koya mini kalmomin da alade ke ɓuya a ƙarƙashinsu, sun kai shida, da na giya. Na rubuta su a ɗan littafi, kowace da fassararta da ajami a gefe.

Wata Alhamis ina cikin sauke kaya wayata ta yi ƙara. Baba ne. Ko sallama bai gama ba ya ce, “Kai, kifin garin nan ya ƙare ne?”

“Yana nan, Baba.”

“Yaran nan kullum kifin gwangwani suke buɗe mini, kamar kyanwa. Ka zo Lahadi. Ka zo da tabaraun naka.”

Gidan Sinawa muka je. Da muka zauna, matar da ke kawo abinci ta juya za ta tafi kicin kamar kullum. Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce, “Ce mata ta kawo littafin.” Ta kawo, tana mamaki. Ya tura mini.

“Bismillah. Daga farko.”

“Baba, shafi shida ne.”

“Ina da wurin zuwa ne?”

Na ɗora yatsa na fara. Ina karanta layi, in fassara masa, shi kuma ya yanke hukunci. Wannan a'a. Wannan sai an tambaya. Wannan ko halal ne ba na so. In na maƙale a kalma sai ya kurɓi shayi ya ce, “A hankali, Sarkin Ruwa, kada ka nutse.” Matar ta zo sau uku ta koma. A na huɗu ta jawo kujera ta zauna kusa da mu, tana faɗa mini kalmar da ta gagare ni, tana kuma gaya mana abin da ba a rubuta ba, wane romo ne aka dafa da ƙashin alade, wane ne da kifi zalla. Baba ya fiddo alƙalami, ya riƙa rubuta masu kyau da ajami a bayan wani ambulan. Wuri biyu na ce, “Wannan ban sani ba, Baba.” Ya ce, “Yauwa. Tambaye ta.”

Sai da muka yi awa ɗaya da kwata kafin mu ce ga abin da muke so. Bayan duk wannan wahala, kifin da ya saba ci ya zaɓa, turare da citta, sai farar shinkafa.

A wata na gaba ya ce mu je wurin Sipaniyawa. Ban zaci zai ƙara taka gidan ba. Na riga na yi magana da kuku, ya ce zai dafa mana a sabon kasko, da man zaitun, kifi da jatan lande kawai. Da kansa ya fito da shi, ya tsaya gefen tebur yana goge hannu, ya ce in faɗa wa tsoho ya yafe masa. Baba ya ce kuku ba shi da laifi, ai ya rubuta a takarda. Ya yi bisimilla ya kai loma. Ya tauna, ya sake kaiwa. Kuku ya koma ciki.

Na ce, “Yaya, Baba?”

Ya waiga hagu da dama, ya sunkuyo ya rage murya. “Astagfirullah. Wancan ya fi daɗi.”

Dariya ta kama ni har na ƙware, shi ma ya yi ta yi yana share ido da hannun riga. Ya cinye rabonsa, ya kankare ƙanzon.

Gidan Italiyawa ne bai yiwu ba. Kukun mutumin kirki ne, amma ya ce romon nan ba giya ba romo ba ne, ba zai sa sunan gidansa a kai ba. Na ga girman maganarsa, na ci gaba da kai masa kifi ta baya. Daga baya na samo wani gidan Italiyawa da ke gasa kifi da lemon tsami, na karanta takardarsu tun daga ƙofa kafin in kai Baba. Ya ce ba laifi, amma burodinsu bai kai na farko ba.

Mun ci gaba da fita shekara biyar bayan haka, har Baba ya koma Maraɗi da zama. Wasiƙunsa na ƙarshe ni na karanta masa, a gabansa, ina yi ina tsayawa. Daga baya wani ma'aikacin gidan rediyo da muke salla tare ya nuna mini cewa haruffan bokon nan su ne na Hausa, da 'yan ƙari kaɗan, kuma sun fi na Turanci gaskiya, abin da ka ji shi za ka rubuta. Da su nake aika wa Baba saƙo yanzu, jikarsa ta karanta masa. Kullum sai ya tambayi matar gidan Sinawa.

In na zauna na duba abin da ya tafi, ba shi da yawa: Lahadi huɗu, taliya mai romo, soyayyiyar shinkafa, tebur ɗaya kusa da taga a gidan Italiyawa. Sai kuma abu guda da bai dawo ba. Har ya bar ƙasar nan, Baba bai ƙara kai loma baki a kan maganata kaɗai ba, sai ya ji an karanta.